Gida Mai Lamba Sha Bakwai

Kaf ƙasar Cek babu garin da ya ba ilimi abin da Lipnov ya ba shi. Haka yake rubuce a shafin farko na ɗan littafin da ake ajiyewa a ofishin magajin gari, kuma ba mu taɓa jin wani ya musa ba, tunda mutanen waje ba sa karanta littafin. Abin da muka ba ilimi shi ne Farfesa Ignác Tobiška, wanda aka haifa a 1791, ya rubuta manyan littattafai uku a kan gansakuka, ya mutu a Vienna ba mata ba ɗa. Har yau akwai wata irin gansakuka da ke ɗauke da sunansa. Masana sun ce sai an sa gilashi ake bambanta ta da sauran.

Bayan Farfesa, jerin manyan mutanenmu ya ƙunshi wata mawaƙiya da ta taɓa tsayawa a sahu na uku a gidan waƙa na Brno, da wani ɗan ƙwallo da ya yi kaka biyu a benci, da wani janar da ya kwana ɗaya a garin a hanyarsa ta gudu. Saboda haka muna riƙe da Farfesa da hannu biyu. Akwai titinsa, akwai shagon shayi mai sunansa inda ake yin wani koren kek, akwai kuma allon tagulla a jikin gida mai lamba sha bakwai da ke dandalin Tsohon Gari, wanda aka kafa a 1891, an rubuta cewa a cikin wannan gida aka haife shi.

A cikin wannan gida kuma aka haifi Vendelín Hanzlík a 1948, sai dai shi ba a rubuta ba.

Vendelín ɗan gajere ne mai faɗin kafaɗa, kunnuwansa sun fi ƙarfin kansa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran injuna a masana'antar maɓallan riga da ke unguwar Podskalí, kuma abokan aikinsa sun ce yana iya jin noti ɗaya da ya kwance daga ƙofar shiga, alhali injuna ashirin na ruri. Ban da wannan ba shi da wata baiwa da aka sani. Ba ya waƙa, ba ya farauta, giya biyu yake sha ranar Juma'a ya tashi. Amma a Lipnov ba a kiransa makaniki. Ana ce masa mai gidan Farfesa, shi kuma yana amsawa kamar sarauta.

Allon kuwa gadonsa ya yi daga iyayensa. Kakansa ya sayi gidan a 1923 da allon a jikinsa. Lokacin da Jamusawa suke kwashe duk wani ƙarfe mai ƙyalli don yin harsashi, ubansa ya cire shi ya binne a ƙarƙashin tarin dankali har shekara uku. Da 'yan gurguzu suka zo, an turo wani jami'i ya binciki ko Farfesa mutumin talakawa ne ko na masu hannu da shuni. Jami'in ya karanta shafi goma sha ɗaya na littafi na farko, ya rubuta rahoto cewa babu hatsari a gansakuka, aka bar allon a wurinsa. Vendelín ya taso yana jin waɗannan labarai a wurin cin abinci, kamar yadda wasu yaran ke jin labarin yaƙin kakanninsu.

Tun yana ɗan shekara ashirin da biyar, da ubansa ya daina hawa tsani, aikin ya dawo hannunsa. Duk Asabar ta farkon wata sai ya jingina tsani, ya hau da tsumma da gishiri da ruwan tsami, ya goge harufan ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin ƙasa mai taga biyu shi ne ɗakin Farfesa. A ciki akwai gadon jariri na katako, wanda uban Vendelín ya samo a kasuwar tsofaffin kaya a wani gari, kuma ba a taɓa cewa na Farfesa ne ba. Ana dai barin baƙo ya kalle shi ya yi shiru, a taya shi yin shirun. Baƙin ba su da yawa: 'yan makaranta a watan Mayu, masu keke da ruwa ya kora, sai wani malami daga Japan da ya zo a 1994 ya yi kuka. Kusan duk wanda ya zo yakan tambayi inda ƙaramin Ignác ya fara ganin gansakuka, domin dandalinmu a bushe yake kamar tanda. Vendelín sai ya kai shi tsakar gida ya nuna masa bakin tsohuwar rijiya, kore shar. Maƙwabta sun san yana yayyafa wa wurin ruwa safe da yamma duk bazara, wani lokaci har da guntun giya, amma ba a ɗauki wannan ƙarya ba. An ɗauke shi kula da kayan tarihi.

Matarsa Blažena ita ke share ɗakin. Ta kuma yi shekara arba'in tana ɗinki a kan teburin kicin, tana kwashe keken duk lokacin da za a ci abinci.

A farkon 2016 'yarsu da ke aiki a Praha, babban birnin ƙasar, ta kawo masa kwamfuta, ta nuna masa cewa an ɗora hotunan tsofaffin littattafan baftisma na coci a intanet, kowa na iya buɗewa. Nufinta ya samu abin yi, ya daina gyara abubuwan da ba su lalace ba a gida. Shi kuwa nan take ya ga wata dama. Ya daɗe yana zargin cewa mutum ba ya zama a gidan babban mutum haka kawai, dole akwai jini ko ta wajen uwa. Ya koyi karanta tsohon rubutun fada-fada, wato limaman coci, mai kama da sawun tsuntsu a laka. Cikin wata biyu ya haƙo kakanni goma sha huɗu, tara daga cikinsu makiyayan alade.

Wata Talata da hantsi ya ce bari ya je kai tsaye ga shafin Farfesa, ya bi dangin daga can. Ya same shi: Ignác, ɗan Tobiška masaƙi, watan Satumba, gida lamba sha bakwai. Ya zauna yana kallon layin, ransa fari. Daga nan, saboda shi mutum ne da ba ya barin inji sai ya duba bayansa, ya ja hoton ƙasa don ya ga saman shafin.

Kowa a nan ya san yadda lambobin gidajenmu suke. Tun zamanin da aka ƙirga gidaje don ɗibar soja, kowace unguwa da kowane ƙauye na fara nasa lissafi daga ɗaya, lambar kuma na bin tsufan gida ne, ba ta bin layi. Lipnov kashi uku ne: Tsohon Gari, da Podskalí, da Zálesí, wani ƙauye mai tazarar kilomita huɗu a bayan daji, wanda aka haɗe da mu a 1960 ba tare da an tambaye su ba. Saboda haka muna da gida mai lamba sha bakwai har guda uku. Coci kuwa ɗaya ne, fada ɗaya, littafi ɗaya. Fada yakan ware wa kowane wuri shafukansa, ya rubuta sunan wurin sau ɗaya a sama, a ƙasa ya sa lamba kawai.

A saman shafin, da tawadar da ta koma ruwan ƙasa, an rubuta Zálesí.

"Blaža," ya kira matarsa, "zo ki ga wani abu."

"In wani makiyayin alade ka sake haƙo mana, mayar da shi kabarinsa. Hannuna cikin garin fulawa yake."

"Zo dai."

Ta zo tana goge hannu, ta sa tabarau, ya nuna mata layin, ya nuna mata saman shafin. Ta daɗe tana dubawa.

"Wa ya sani?"

"Ni da ke."

"Da wa kuma?"

"Da fadan da ya rubuta."

"Shi ba zai yi magana ba. Rufe abin nan, Venda, miya na hucewa." Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya a bakin ƙofa. "Shekara arba'in ina share wa baƙo ɗaki. Ashe baƙon ma ba namu ba ne."

Ya kamata a san cewa a wannan shekarar Farfesa ke cika shekara ɗari biyu da ashirin da biyar da haihuwa, kuma majalisar gari ta riga ta shirya biki a watan Satumba. An buga katuna masu hoton gidan. An yi magana da 'yan badujala. An kuma roƙi Vendelín, a karon farko a rayuwarsa, ya yi jawabi na minti biyar daga kan matakalar ƙofarsa. Ya riga ya rubuta jawabin tun Janairu, ya haddace. Jimlarsa ta uku tana cewa: "A nan, a bayan wannan taga, ya fara buɗe ido." In ya yi shiru, allon na nan, jawabin na nan, sunansa na nan. In ya yi magana, ya zama tsohon makaniki mai gida lamba sha bakwai, irin wanda muke da guda uku.

Mako biyu bai ce wa kowa komai ba. Ya yi gwajin jawabin a gaban madubi, sai ya ga duk lokacin da ya iso jimla ta uku tari ke kama shi. Ya gwada canza ta zuwa "a wannan gari", tunda Zálesí yanzu garin ne, amma ya tuna a 1791 ba garin ba ne. Blažena ta ce ya sha zuma.

Ranar Alhamis ta uku ya hau bas ɗin ƙarfe biyu zuwa Zálesí. Ya ce zai je duba wani injin yankan ciyawa. Gaskiyar ita ce yana son ya ga gidan da idonsa, kuma ya san na waye. Na Jarolím Kudrna ne, wanda suka yi shekara talatin a masana'anta ɗaya suna zagin juna a kan sukurudireba. Mutanen Tsohon Gari na kiran na Zálesí masu awaki, ko da yake akuya ta ƙarshe a ƙauyen ta mutu kafin ɗan Adam ya sauka a duniyar wata. Kudrna zomaye yake kiwo.

Gidan na can ƙarshen ƙauye, a cikin kwari, rafi na bi ta bayansa, itatuwa sun rufe shi. Vendelín ya tsaya a bakin shinge yana kallo. Rufin kore ne. Bangon arewa kore ne tun daga tushe har taga. Duwatsun rafi, da matakala, da kututturen da ake faskare a kai, da wata tsohuwar taya, duk sun yi lulluɓi mai laushi, wani duhu, wani haske, wani mai 'yan gashi ja. Ya ƙirga iri shida ba tare da ya sunkuya ba. Duk yaron da ya buɗe ido a nan, ba shi da abin kallo sai wannan.

"A'a, ɗan birni!" Kudrna ya leƙo daga bayan kejin zomaye, dogo, siriri, da hula mai kunne a ƙarshen Afrilu. "Bas ne ya ɓata da kai, ko matarka ce ta gaji?"

"Sannu, mai awaki. Gidan nan naka, shekararsa nawa?"

"Kakana ya ce ya girmi cocinku."

"Kakanka ya ce ya kashe kyarkeci da cokali."

"Ya kashe. Cokalin na nan. Me kake nema da shekarun gidana? In saye za ka yi, ka sani ƙafarka ba za ta ƙara bushewa ba."

"Wannan koren, kai kake zuba masa ruwa?"

Kudrna ya dube shi kamar yadda ake duban wanda ya faɗo daga tsani. "Ruwa? Duk kaka sai na kankare shi da shebur, kafin Kirsimeti ya dawo. Annoba ce. Kana so? Kawo buhu."

Vendelín ya ciro takardar da ya buga, ya miƙa masa ta saman shinge, ya yi bayani. Kudrna ya karanta yana motsa leɓe. Da ya gama ya ninke takardar sau huɗu ya tura ta cikin aljihun rigar Vendelín da kansa, ya daddanna.

"Ban gani ba. Ban ji ba. Ba ka zo ba."

"Jarda, a gidanka aka haifi Farfesa."

"To Allah ya ji ƙansa, ya kuma zauna a inda kuka ajiye shi. Kai, ka san abin da kake jawo mini? Yara talatin a ƙofata duk watan Mayu suna ihu, ga zomayena da ciki. Mutanen Japan suna kuka a kan matakalata. Na ga rayuwarka, Venda, ba na so. Kai ka iya, kana da fuskar abin."

"Amma ba daidai ba ne."

"Shekara ɗari da ashirin da biyar ba daidai ba ne, wa ya mutu? Tsaya nan."

Ya shiga ciki ya fito da zomo feɗaɗɗe a cikin leda, ya rataya masa a hannu. "Gaida Blažena. Ka ce ta sa tafarnuwa da yawa. Bas na ƙarfe huɗu, kada ka rasa shi."

Sun ci zomon ranar Lahadi da kabeji. Ya yi daɗi. Ranar Litinin da safe Vendelín ya sa rigarsa ta zuwa jana'iza ya nufi gidan Malama Otýlie Mrázková.

An sha tambayarsa dalili. Wasu sun ce gaskiya ce ta motsa shi, kuma ya ji daɗin wannan bayani, bai musa ba. Abin da ya gaya mini a kan giyarsa ta biyu shi ne, tun ranar da ya ga saman shafin, duk lokacin da ya wuce ƙarƙashin allon sai ya ji wata 'yar ƙara, irin ta noti da ya kwance, kuma ba ya iya cin abinci sosai in inji na wannan ƙarar.

Malama Otýlie ta koyar da tarihi shekara talatin da takwas, kuma tun da ta yi ritaya ita ke riƙe da littafin tarihin gari, wanda doka ta wajabta wa kowane gari ya ajiye, ana rubuta abin da ya faru kowace shekara. Da alƙalamin tawada take rubutawa, ba ta kuma yarda da kalmar da ba ta da aiki. Ta ɗora takardar a ƙarƙashin fitilar tebur, ta bi ta da gilashi daga ƙasa zuwa sama, sannan daga sama zuwa ƙasa.

"Malam Hanzlík, ka san abin da ka yi?"

"Saman shafi na karanta, Malama."

"Shekara ɗari da ashirin da biyar ba wanda ya karanta saman shafi. Kai me ya kai ka?"

"Hoton ne na ja ƙasa."

"Yara dubu biyu na tsayar a ƙofarka, wasu cikin ruwan sama. Na sa su zana tagarka. Na kayar da ɗan magajin gari na yanzu a jarrabawa saboda ya manta lambar gidan." Ta cire tabarau. "Ashe lambar ce kaɗai daidai."

Kwana uku bayan haka ta nemo takardun kwamitin da ya kafa allon a 1891. Mutum uku ne: mai kantin magani, da lauya, da shugaban makaranta. Mai kantin magani ya aika wa fada tambaya a kan lambar gidan da aka haifi Farfesa, fada ya amsa da lamba, tunda lamba aka tambaye shi. Babu wanda ya tambayi wace unguwa. Ba a zaci farfesa zai fito daga cikin masu awaki ba, don haka tambayar ba ta taso ba.

Zaman majalisar da aka yi a kan batun shi ne mafi cika tun wanda aka yi a kan harajin karnuka. Magajin gari ya kawo shawarar a bar maganar sai bayan biki, tunda an riga an buga katuna. Mai shagon koren kek ya ce shi bai ga dalilin da zai sa a yarda da fada ɗaya da ya mutu a kan allo da kowa ke gani ba. Sai shugabar 'yan kwana-kwana na sa kai na Zálesí, wata ƙatuwar mace da ake kira Pani Drahomíra, wato Uwargida Drahomíra, ta miƙe da takarda a hannu. Ta karanto abin da Tsohon Gari ya kwashe musu tun 1960: makaranta, ofishin gidan waya, bijimin ƙauye, famfon kashe gobara mai tagulla da aka ara don baje koli ba a mayar ba.

"Yanzu kuma ga shi ashe har farfesanmu kuka sata, tun kafin a haife mu. Ku riƙe bijimin, ya mutu. Farfesa dai a ba mu abinmu."

"Shi ma ai ya mutu, Pani," in ji mai shagon kek.

"To me kake ci da shi har yau?"

Kudrna ya miƙe daga baya ya ce shi bangonsa jiƙe yake, ba zai riƙe ƙusa ba, ya kuma nuna Vendelín da yatsa ya ce wannan mutumin ya ci masa zomo a banza. Matarsa ta ja shi ta zaunar, ta sanar da majalisa cewa bangon zai riƙe, in har za a gyara hanyar da ta bi ta ƙofarsu don baƙi. Aka kaɗa ƙuri'a, takwas da uku, a mayar da allon Zálesí. Ba wanda ya nemi jin ta bakin Vendelín, wanda ke zaune kusa da hita da hularsa a kan gwiwa. Ya shirya magana, amma aka wuce zuwa batun kwandunan shara.

Ranar bikin, shi ya cire allon da hannunsa, domin ba wanda ya san notocin. Uku daga cikin huɗun ubansa ne ya sa su bayan yaƙi, kuma hagu suke juyawa. 'Yan badujala ba su san abin da ake busawa in ana cire allo ba, sai suka busa abin da suke busawa a jana'iza, amma da ɗan sauri. A bangon ya rage wani fari mai kusurwa huɗu. Aka ɗora allon a motar kashe gobara, jama'a suka bi a bas biyu. A Zálesí magajin gari ne ya yi jawabi, ya gode wa duk waɗanda suka taimaka. Ya kuma yi amfani da jimlar Vendelín ta uku, wadda ya gani a daftarin da aka miƙa wa ofishinsa tun Janairu, yana nuna tagar Kudrna. Kudrna na tsaye a bayan tagar yana kallonsu da zomo a hannu.

Bayan haka rayuwa ta ɗan canza. Blažena ta shigar da keken ɗinkinta ɗaki mai taga biyu tun kafin basukan su dawo, ta cika gadon jaririn da ƙyallaye. Bakin rijiya ya bushe cikin mako uku. A gidan giya an yi ta laluben abin da za a kira Vendelín, wasu suka gwada tsohon mai gidan Farfesa, ya yi tsawo, aka koma Hanzlík. Bai yi ƙorafi ba. Ya ce wa kowa shi bai yi don a gode masa ba.

Sai dai a watan Nuwamba ya haɗu da Malama Otýlie a kantin burodi, ya tambaye ta ko ta fara rubuta shekarar.

"Ina kan watan Yuni."

"To. Ba wani abu ba ne, Malama. Na ce ko za ki buƙaci ranar da na ga shafin. Talata ce, sha biyu ga Afrilu, wajen ƙarfe goma da rabi."

"Na gode, Malam Hanzlík."

"Sunan kuma Vendelín ne cikakke, ba Venda ba. Na rubuto miki a nan, don kada a wahalar da ke."

Ta karɓi takardar ta sa a jaka tare da burodin.

A garinmu, in an gama rubuta shekara, ana buɗe littafin a ɗakin karatu na mako biyu a watan Fabrairu don kowa ya duba. Yawanci mutum huɗu ke zuwa, uku daga ciki don neman kuskure. Vendelín ya yi lissafi a ransa. Wanda ya gyara kuskuren shekara ɗari da ashirin da biyar, ya kuma ba da abin da kakansa da ubansa suka tsare, ba zai rasa rabin shafi ba. Janar ɗin nan da ya kwana ɗaya yana gudu shafi guda aka ba shi. Daga littafin tarihin gari kuma ake ɗebo sunayen da ke shiga jerin manyan mutane, ba yanzu ba, wata rana.

Ranar farko da aka buɗe ya sa taye, Blažena ta raka shi saboda tana son mayar da wani littafin girki. Ya wanke hannu kafin ya taɓa shafukan. Shekarar 2016 ta ci shafi goma sha tara. Sanyin da ya kashe furen tuffa a watan Afrilu ya samu shafi ɗaya da rabi. Sabon bututun ruwa na Podskalí ya samu biyu. Ya bi da yatsa har watan Satumba, ya wuce, ya dawo baya.

"Ka samu?" in ji Blažena daga wajen kantar karɓar littattafai.

"Na samu."

"To karanto mana."

Layi ɗaya ne, tsakanin gasar kamun kifi da gyaran rufin makaranta, cikin kyakkyawan rubutun Malama: "Ranar sha bakwai ga wata an mayar da allon Farfesa Tobiška daga gida mai lamba sha bakwai zuwa gida mai lamba sha bakwai."